Girman harsashi ko saitin mai harbi? Darasi daga artabun Miyami na 1986

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Amurka da na Indiya, tun daga zamanin sinima har zuwa na bidiyo, ya riga ya haddace yadda ake harbin mutum a majigi: jarumi ya zaro ƙaramar bindiga, ya danna kunama sau ɗaya, sai ka ga mugu ya yi sama ya faɗa ta taga, ko shurawa bai yi ba. Saboda wannan hoto ya zauna daram a zukatanmu, idan labari ya zo cewa an harbi wani ɗan fashi sau uku ko huɗu amma ya ci gaba da gudu, nan take sai a ce ai yana da maganin bindiga. Su kuwa Amurkawa, da laya da guru ba al'adarsu ba ce, idan haka ta faru gare su sai su ce harsashin ne ya yi ƙanƙanta. Shekara fiye da ɗari ke nan suna wannan muhawara a tsakanin sojojinsu da 'yan sandansu da likitocinsu, muhawarar da ta ci maƙudan kuɗi, wadda kuma aka biya kuɗin makarantarta da rayukan mutane. Inda ta kai su a ƙarshe shi ne abin da nake so mu duba tare da mai karatu.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau a fahimci lambobin da ake kiran harsasai da su, domin duk rigimar a kansu take. Lambar tana nuna kaurin harsashi ne. Turawan nahiyar Turai da milimita suke awo, shi ya sa harsashin da Georg Luger ya ƙera wa wani kamfanin Jamus a farkon ƙarni na 20 ake kiran sa mai milimita 9. Amurkawa kuma da inci suke awo: idan suka ce .45 suna nufin kashi 45 cikin 100 na inci guda, wato kimanin milimita 11 da rabi; .40 milimita 10 ne; .38 kusan kaurinsa ɗaya da mai milimita 9, shi kuwa.22 bai kai milimita 6 ba. Ke nan tsakanin mai milimita 9 da .45, waɗanda magoya bayansu suka shafe shekaru suna yi wa juna gori, bambancin bai wuce milimita biyu da rabi ba, abin da bai fi ƙwayar gero ba.

Asalin gardamar daga ƙasar Filifin ta taso. Bayan Amurka ta karɓe tsibiran daga hannun Sifaniya a 1898, sojojinta sun shafe shekaru suna gwabzawa da mayaƙan Moro, Musulmin tsibiran Mindanao da Sulu, waɗanda kan afka wa abokan gaba da takubba da adduna. Sojojin sun riƙa kai kuka cewa sukan harbi mayaƙi sau da dama da libarbarsu mai harsashin .38, amma sai ya iso ya sare su kafin ya faɗi. Rundunar ta koma rumbu ta kwaso tsofaffin libarba masu .45 ta raba, sannan a 1904 ta sa hafsoshi biyu, John Thompson da likita Louis LaGarde, su bincika. Gwajin da suka yi, idan aka auna shi da ma'aunin yau, abin a riƙe baki ne: sun harbi shanu masu rai a mayankar Shikago suna duba wanda zai fi saurin faɗuwa, sun kuma rataye gawarwaki suna harbi suna auna yadda suke lilo. Suka yanke shawarar cewa kada kaurin harsashin soja ya gaza .45. Daga nan aka samu bindigar da John Browning ya tsara, wadda rundunar ta amince da ita a 1911, ta kuma riƙe har 1985 lokacin da ta koma ga Beretta mai milimita 9 domin daidaitawa da ƙawayenta na ƙungiyar NATO. Amma akwai wata shawara a rahoton na 1904 da ba a cika tunawa da ita ba: hafsoshin biyu sun ja hankali cewa mafi yawan sassan jikin mutum, ko an same su da harsashi, ba za su sa ya tsaya nan take ba, don haka a dage da horar da soja a kan saiti ba ƙaƙƙautawa. Jama'a suka riƙe maganar kauri, suka yar da ta horo.

Sai ranar 11 ga Afrilun 1986, wadda har yau Hukumar Binciken Manyan Laifuka ta Amurka, FBI, ke lissafa ta cikin ranaku mafi muni a tarihinta. Da safiyar wannan rana jami'an hukumar suna sintiri a kudancin birnin Miyami na Jihar Florida, suna neman wasu mutum biyu da suka addabi yankin da fashin bankuna da motocin dakon kuɗi. Mutanen su ne Michael Platt da William Matix, dukkansu tsofaffin sojoji. Da aka hango su cikin wata baƙar mota ta sata, sai jami'ai suka bi su, suka tilasta musu sauka daga kan titi ta hanyar bankar motar. Jami'ai takwas ne suka fuskanci mutum biyu. A lissafin kowa wannan aiki ne na minti ɗaya.

Sai dai kash, tun kafin a harba harsashin farko al'amura sun fara dagulewa. Jami'ai biyu sun zaro bindigoginsu sun ajiye kusa domin zaman shiri, da motoci suka yi karo bindigogin suka suɓuce suka ɓace musu. An ruwaito cewa Benjamin Grogan, wanda ya yi suna wajen iya harbi, tabaraunsa ya faɗi a wannan karo. Biyu kawai daga cikin takwas ɗin ke sanye da rigar sulke, ita ma irin wadda ke tare harsashin ƙaramar bindiga ce kurum. Abokan aikinsu da ke ɗauke da manyan bindigogi suna wasu unguwanni, ba su iso ba sai da ƙura ta lafa. Shi kuwa Platt, doguwar bindiga ƙirar Ruger Mini-14 ce a hannunsa.

An yi musayar wuta ta ƙasa da minti biyar, an harba harsasai kusan 145. Ana cikin haka ne, lokacin da Platt ke ƙoƙarin fitowa ta tagar mota, jami'i Jerry Dove ya same shi da harsashi mai milimita 9. Harsashin ya ratsa damtsensa na dama, ya shiga ƙirji, ya huda huhu, ya tsaya saura kimanin inci guda ya kai zuciya. Binciken gawa ya samu jini fiye da lita ɗaya kwance a ƙirjinsa, kuma masana sun ɗauki raunin a matsayin wanda ba a tashi daga gare shi. To amma da wannan rauni a jikinsa Platt ya ci gaba da faɗa, ya raunata wasu jami'an, ya tako har bayan motar da Grogan da Dove suka fake ya kashe su duka biyu. Wanda ya kawo ƙarshen artabun shi ne Edmundo Mireles, wanda harsashi ya riga ya ragargaza masa hannun hagu. Da hannu ɗaya ya yi ta harba bindigar farauta, sannan ya miƙe yana tangaɗi ya nufi motar da 'yan fashin suka shiga za su gudu, ya juye musu harsasai shida na libarbarsa. Da aka yi ƙidaya, jami'ai biyu sun mutu, biyar sun ji rauni, ɗaya ne kacal ya tsira lafiya. An samu Platt da harbi 12, Matix da shida, kuma gwajin jini bai nuna wata ƙwaya ko kayan maye a jikinsu ba.

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Cikin duk kura-kuran wannan safiya, wanda ya fi ɗaukar hankalin hukumar shi ne inci gudan nan da harsashin Dove ya gaza cikawa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: harsashin irin mai rami a baki ne, wanda aka ƙera domin ya buɗe da wuri kamar fure da zarar ya shiga jiki, kuma wannan buɗewa da wuri ita ta rage masa nisan tafiya. Don haka a 1987 FBI ta tara likitoci da masana a makarantarta da ke Quantico, kuma a 1989 wani jami'inta mai suna Urey Patrick ya fitar da wani taƙaitaccen rahoto da har yau ake karantawa a makarantun 'yan sanda.

Abin da rahoton ya bayyana ya rushe kusan duk abin da majigi ya koya mana. Na farko, harsashin ƙaramar bindiga ba ya iya tunkuɗe mutum ya kayar da shi, domin ƙarfin da ya doki wanda aka harba bai fi wanda ya doki hannun mai harbin ba. Da zai kayar da wancan, da ya kayar da wannan. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: harsashi mai milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, gudunsa kimanin mita 350 a sakan guda. Idan duk wannan tunkuɗa ta ƙare a jikin mutum mai kilo 70, za ta motsa shi ne da gudun kimanin santimita huɗu a sakan, abin da bai kai turin da yaro zai yi maka a kasuwa ba. Na biyu, hanya ɗaya ce tak ke tsayar da mutum nan take ko yana so ko ba ya so, wato lalacewar ƙwaƙwalwa ko ɓangaren sama na lakar ƙashin baya. In ban da wannan, sai dai zubar jini, ita kuwa tana ɗaukar lokaci. Rahoton ya ce ko da zuciya ta tarwatse, akwai sauran iskar oksijin a ƙwaƙwalwa da za ta bar mutum ya yi abin da ya ga dama na tsawon sakan 10 zuwa 15. A fagen harbi wannan lokaci ya isa a juye bindiga guda. Na uku, yawancin waɗanda ke faɗuwa da harbi ɗaya, tsoro da zafi da firgici ne ke kayar da su, da kuma abin da suka riga suka sa a ransu cewa wanda aka harba faɗuwa yake yi. Wanda zuciyarsa ta ƙeƙashe, ko fushi ya rufe masa ido, ba lallai ne ya faɗi ba. A nan ne mai karatu zai ga bayanin abin da mu kan kira maganin bindiga, su kuma su kira ƙanƙantar harsashi.

Daga wannan nazari aka samu ma'aunin da ya sauya sana'ar ƙera harsasai. Wani likitan soja, Martin Fackler, ya riga ya daidaita gwaji da wani daskararren abu da ake kira jelatin, wanda ke kwaikwayon tsokar jiki. FBI ta shar'anta cewa duk harsashin da za ta saya sai ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikinsa, wato kimanin santimita 30 zuwa 46, har bayan ya ratsa tufafi masu kauri, ko ƙarfen mota, ko katako, ko bangon ɗaki, ko gilashin mota. Dalilin kuwa shi ne ba kullum maƙiyi ke tsayawa ya ba ka ƙirji ba. Wani lokaci sai harsashi ya bi ta hannu, kamar yadda ya faru da Platt.

Da a nan aka tsaya da an huta. Amma hukumar ta ga ya kamata ta ƙara da neman babban harsashi, sai ta ɗauki mai milimita 10 mai ƙarfin gaske. Ba a jima ba ta tarar jami'ai da yawa ba sa iya sarrafa shi saboda yadda bindigar ke zabura a hannu, sai aka rage masa albarushi. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushi babu amfanin dogon kwanso, suka gajarta shi suka fitar da .40 a 1990. FBI ta koma kansa da bindigogin Glock a 1997, rundunonin 'yan sanda da dama a faɗin Amurka suka bi sahu. Sai ga shi a 2014 sashen horarwa na hukumar ya fitar da takarda yana ba da shawarar a koma ga mai milimita 9, a 2016 kuma aka ba Glock kwangilar sababbin bindigogin. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Hujjojin da aka bayar a fili suke: harsasan zamani masu milimita 9 suna cika sharaɗin nutsewa, likitocin tiyata ba sa iya bambance raunin wannan da na wancan, jami'ai sun fi saurin harbi da dacewa da shi, ya fi araha, don haka za a fi yawan atisaye, sannan bindiga ta fi cin harsasai da yawa, domin Glock 17 tana ɗaukar 17, takwararta mai.40 tana ɗaukar 15. Takardar ta fito ƙarara ta ce ƙarfin tsayarwa da ake jingina wa ƙaramar bindiga tatsuniya ce.

Bayanan da aka tattara daga titi ma sun karkata nan. A 1992 Evan Marshall da Edwin Sanow sun fitar da littafi mai jera harsasai gwargwadon yadda kowanne ke tsayar da mutum da harbi ɗaya, littafin ya yi kasuwa, amma Fackler da wasu masana suka yi masa kaca-kaca a kan yadda aka tattara alƙaluman. A 2011 wani ɗan sanda a Jihar Ohio, Greg Ellifritz, ya fitar da sakamakon shekara goma da ya yi yana tattara bayanan harbe-harbe kusan 1,800. Ya tarar cewa tsakanin .38 da milimita 9 da .40 da .45 bambancin kaɗan ne: kowanne na buƙatar kusan harsashi biyu ko sama da haka kaɗan kafin mutum ya daina faɗa, kuma kowanne kan gaza baki ɗaya a kashi 13 zuwa 17 cikin 100. A ƙananan harsasai irin .22 da .25 da .32 ne gazawar ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Shi kansa ya yarda bincikensa ba na ɗakin gwaji ba ne, amma ya yi daidai da abin da FBI ta zo ta faɗa bayan shekara uku.

Duk da haka kada a raina ƙanƙantar allura, ƙarfe ce. A Nuwamban 1992 wani ɗan sandan babbar hanya a Jihar Carolina ta Kudu, Mark Coates, ya samu wanda ya far masa da harsasai biyar na .357 Magnum, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a ƙananan bindigogi, mutumin ya rayu. Shi kuwa Coates harsashi ɗaya na.22 ya bi ta hammatarsa, inda sulke bai rufe ba, ya kai zuciya, ya mutu. Haka a ranar 30 ga Maris 1981 harsashin .22 ya shiga huhun Shugaba Ronald Reagan ya tsaya dab da zuciya, amma bai ma san an harbe shi ba, ya ɗauka haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da mai gadinsa ya cusa shi cikin mota, kuma da ƙafarsa ya shiga asibiti kafin ya yanke jiki. Sakataren yaɗa labaransa James Brady, da irin wannan harsashi ya sama a kai, nan take ya faɗi, ya kuma rayu da nakasa har rasuwarsa a 2014. Bindiga ɗaya, harsashi iri ɗaya, wurin da ya sauka ne ya raba su.

Adalci ya sa a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. A 2018 masana biyu, Anthony Braga da Philip Cook, sun nazarci mutum 511 da aka harba a birnin Boston tsakanin 2010 da 2014, suka gano cewa yiwuwar mutuwa ta ninka fiye da sau biyu idan harsashin matsakaici ne, ta kuma ninka sau huɗu da rabi idan babba ne, in aka kwatanta da ƙarami. Ke nan kauri yana da tasiri a kan wanda zai mutu da wanda zai rayu. Amma tambayar mai kare kansa daban take: shin maharin zai daina abin da yake yi a cikin sakan biyar masu zuwa? Mutuwar da za ta zo bayan minti goma a motar asibiti ba ta ceci kowa ba. Harsashin Dove ya kashe Platt, amma bai hana Platt kashe Dove ba.

Akwai kuma abin da masu gardamar kauri ba su cika son a tuna musu ba. Harsashin da ya kashe Grogan da Dove kaurinsa milimita 5.56 ne, kusan daidai da .22. Abin da ya bambanta shi gudu ne, wanda ya ninka na ƙaramar bindiga fiye da sau biyu, har yakan yayyaga naman da bai taɓa ba. Ƙaramar bindiga, komai lambarta, makami ne mai rauni da ake ɗauka saboda sauƙin ratayawa. Jami'an Miyami sun je farautar mutanen da suka san suna da doguwar bindiga, mafi yawansu da libarba a ƙugu, ba sulke, ba tsarin da ya dace. Wannan gazawar shiri ce, kuma babu lambar harsashin da za ta toshe ta.

Sannan ga babbar magana. Takardar FBI ta 2014 ta ce jami'an tsaro kan kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harsasan da suke harbawa a lokacin artabu. Kowane harsashi da ya kuskure kuwa sai ya sauka a wani wuri. A watan Agustan 2012, a gaban dogon benen Empire State da ke New York, 'yan sanda biyu sun harba harsasai 16 ga wani ɗan bindiga. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni daga harsasan 'yan sandan da ɓaraguzansu. Mafi muni kuma shi ne ranar 4 ga Fabrairun 1999, lokacin da 'yan sanda huɗu a wannan birni suka harba harsasai 41 ga Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini da ke tsaye a ƙofar gidansu, 19 suka same shi, alhali abin da ya ciro daga aljihu walat ne. A wannan dare babu wanda ya yi ƙorafin cewa harsashi ya yi ƙanƙanta.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, tunda a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda farar hula ba ya riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ruwanmu shi ne ɗabi'ar da labarin ya tona, wadda ba ta Amurkawa kaɗai ba ce: duk lokacin da jami'an tsaro suka sha kashi, abin da ya fi sauƙi ga shugabanni shi ne su ce kayan aiki ne suka gaza, a ba da kwangilar sababbi, domin kwangila ana ganin ta a ɗauki hoto, shi kuwa horo ba ya shiga jarida. FBI, da duk dukiyarta da ɗakunan gwajinta, ta yi zagayen shekara 28 kafin ta dawo kan shawarar da hafsoshi biyu suka bayar tun 1904. Don haka duk ranar da aka zo mana da labarin sayen sababbin makamai, tambayoyin da suka kamaci 'yan majalisa da 'yan jarida su ne: harsashi nawa kowane jami'i ya harba a filin atisaye a bara, wa ya gwada shi ya tabbatar ya iya, kuma wa ya koya masa lokacin da ya kamata ya janye yatsansa daga kan kunama? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.